Maciji ɗaya ko biyu? Yadda nake koya wa yarana zanen tambarin asibiti

Sana'ata zanen allo ce. Na fara da burushi da gwangwanin fenti a hannun maigidana, yanzu kuwa rabin aikin ya koma kwamfuta da firinta, amma har gobe masu kyamis da masu ƙananan asibitoci su ne suka fi kawo mini aiki. Kusan duk wanda ya zo, maganarsa ɗaya ce: "Malam, ka sa mini macijin nan na likitoci." Na yi shekaru ina sa musu shi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko wane maciji ne ba.

Wani dattijo ne ya buɗe mini ido, tsohon likita da ya yi ritaya ya buɗe ɗan asibitinsa a unguwa. Na zana masa sanda mai fukafukai da macizai biyu sun nannaɗe ta, na bi ta da fenti mai ruwan zinariya, ina ji a raina ban taɓa aiki mai kyansa ba. Da ya zo ɗauka, ya daɗe a tsaye yana kallon allon. Can ya ce, "Ɗana, hannunka yana da kyau, amma wannan ba sandarmu ba ce. Ta 'yan kasuwa ce ka zana mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ita nake gani ko'ina." Ya ce, "Haka ne, shi ya sa ma zan zauna." Ya jawo benci ya zauna, ya karɓi fensirin da ke kunnena, ya zana mini sanduna biyu a bayan kwali. Ranar ban sake taɓa wani aiki ba sai da aka kira la'asar. Tun daga lokacin nake bin labarin nan duk inda na same shi, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki a shagona, da shi nake fara masa kafin ya taɓa aikin asibiti.

Bari in share hanya tukuna. Sunayen da zan ambata na gumakan Girkawan dā ne, labaransu kuma tatsuniyoyinsu ne. Ni Musulmi ne, ban yi imani da ko ɗaya ba. Amma mai zana abu ya rataya a ƙofar mutane, wajibi ne ya san abin da ya zana.

Abu na farko, ka ƙirga macijin. Kafin ka duba launi ko kyan zane, ka ƙirga. In maciji ɗaya ne a jikin sanda ɗaya, babu fukafukai, to wannan sandar Askilifiyos ce, ita ce ta likitanci. In biyu ne suna fuskantar juna, ga fukafukai a sama, sandar Harmis ce, ta manzanni da fatake. In kuma babu sanda sam, sai ƙoƙo ko kofi mai doguwar ƙafa da maciji ya kewaye shi ya leƙa kansa ciki, wannan ƙoƙon Higiya ne, na masu haɗa magani. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya wuce rabin masu zanen da na sani. Sai dai yaron da ya haddace ƙirga bai san dalili ba, ranar da kwastoma ya matsa masa zai sake zana mai fukafukan, don ta fi cika ido. Shi ya sa nake ba su labarin.

Girkawa sun ce Askilifiyos ɗan Afolo ne, wata mace mai suna Koronis ta haife shi. Aka kai shi wurin Kiron, wani halitta rabinsa mutum rabinsa doki, ya koya masa magani. Ya gwanance har ya fara ta da matattu, sai Ziyus, babban gunkinsu, ya ga an ƙetare iyaka, ya kashe shi da tsawa. A cikin labaran da ake bayarwa game da inda ya samo sirrin, akwai wanda ya fi tsaya mini a rai. Wai an kulle shi a ɗaki da gawar ɗan wani sarki, aka ce sai ya ta da shi. Yana zaune yana tunani sai maciji ya hau sandarsa, ya buge shi ya kashe. Jim kaɗan wani macijin ya shigo da ganye a bakinsa, ya ɗora a kan mataccen, ya tashi, suka fice tare. Da wannan ganyen ya yi aiki a kan gawar. Wasu marubutansu sun jingina labarin ga wani boka daban, amma ko wa aka ba, macijin shi ne mai sanin ganye, mutum ɗalibinsa ne.

Akwai kuma maganar saɓa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya taɓa tsintar saɓar maciji a jikin dannin gona ko bayan rumbu. Girkawa sun kalli wannan suka ga tsoho ya tuɓe tsufansa ya fito sabo, har kalmar da suke kiran tsufa da ita, geras, ita ce dai suke kiran saɓar. Majinyacin da ya tashi daga doguwar jinya, haka suke ganinsa. Sannan ga dafi. Kalmarsu farmakon tana nufin magani, tana kuma nufin guba, daga cikinta ne sunan famasi ya fito. A tatsuniyarsu ma an ce Atina ta ba Askilifiyos jinin Medusa, matar nan mai gashin macizai: na ɓangaren hagu yana kisa, na dama yana rayarwa. Wannan ɓangaren ba ya ba ni mamaki ko kaɗan, domin maganin saran maciji da ake yi wa mutane allurarsa a Kaltungo, da dafin ake fara yinsa. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininta ya koyi yaƙi da shi, sannan a tace. Kuma maganin hawan jinin nan captopril, da aka amince da shi a Amurka a 1981, daga binciken dafin wani macijin Brazil aka samo shi.

Amma abin da ya fi amfanar mai zane shi ne sanin cewa macijin nan ba na labari kaɗai ba ne. A Efidauros, kudancin Girka, akwai babban wurin bautar Askilifiyos wanda ya bunƙasa a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Kangonsa yana nan, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Marasa lafiya sukan taho daga nesa, su yi wanka, su yi yanka, sannan a shigar da su wani dogon zaure su kwana, suna jiran a nuna musu magani a mafarki. Macizai masu rai suna yawo a wurin, ba mai taɓa su. An tono allunan dutse da aka rubuta labarai kusan 70 na waɗanda suka warke. Ɗaya yana cewa wani mutum mai mugun gyambo a yatsan ƙafa, an fito da shi waje da rana an zaunar, barci ya ɗauke shi, sai maciji ya fito daga zauren ya lashi gyambon ya koma. Da ya farka ya ce ya yi mafarkin wani kyakkyawan saurayi yana shafa masa magani.

A shekara ta 293 kafin haihuwar Annabi Isa annoba ta auka wa birnin Rum. Suka tura jirgin ruwa Efidauros neman taimako, aka ce maciji ya shiga jirgin da kansa, da suka iso kogin Tibar ya sulale ya hau wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa. Nan suka gina wa Askilifiyos ɗaki. Daga baya suka sassaƙa gefen tsibirin da dutse kamar goshin jirgi, kuma har yau ana ganin ragowar sandar da macijinta a jikin dutsen. A kan tsibirin nan akwai asibiti da yake aiki tun ƙarni na 16. Na nemi hoton dutsen na buga na manna a bangon shago, don yara su ga cewa abin da suke zanawa ya girmi kwamfuta da shekaru fiye da 2,000.

To ga inda labarin yake shiga cikin aikin hannu. Macijin da masana suke dangantawa da waɗannan wurare, har suka sa masa sunan Askilifiyos, siriri ne dogo, yakan kai mita 2, gwanin hawa bishiya, kuma ba shi da dafi. Saboda haka kada ka zana kumurci ya fasa kai. Kada ka buɗe masa baki ka fito da fiƙoƙi, kada ka yi masa kai mai faɗi irin na kasa. Na sha ganin allon asibiti da macijinsa yake shirin sara, mace mai ciki ta ɗaga kai ta gani kafin ta shiga awo. Wannan ba daidai ba ne. Ka yi masa ƙaramin kai mai santsi, baki a rufe, ko ɗan siririn harshe in kana so, ido ɗigo ɗaya.

Sandar kuma sandar tafiya ce, irin ta makiyayi ko tsohon da yake zaga ƙauyuka duba marasa lafiya. A gumakan da Girkawa suka sassaƙa, za ka ga dattijo mai gemu, ya yafa mayafi ƙirjinsa a buɗe, ya dogara a kanta har tana shiga hammatarsa. Don haka ka ba ta kauri, sama ta ɗan fi ƙasa, ka bar mata gaɓa biyu ko uku irin na reshen da aka sara. Kada ka ɗora mata ƙwallo a ka, kada ka miƙar da ita sumul kamar sandar girma.

Ni da sandar nake farawa. In ta tsaya, sai in ja layi ɗaya mai lanƙwasa daga ƙasa zuwa sama da fensir mara nauyi, shi ne ƙashin bayan macijin, sannan in ba shi jiki a hagu da dama. Wutsiya a ƙasa siririya, jiki ya yi kauri a tsakiya, ya ɗan rage a wuya, kai ya ƙare kusa da saman sanda yana kallon gefe. Kuskuren da kowane sabon yaro yake yi shi ne ya ɗora macijin gaba ɗaya a kan sandar kamar an jefa igiya. Nannaɗewa ake so: wannan lanƙwasa ta bi ta gaba, mai bi mata ta ɓuya a baya, haka har sama. Inda ya bi ta baya ka goge layinsa, inda ya bi ta gaba ka goge na sandar. Yaro yakan ɓata kwali biyar kafin idonsa ya kama wannan, in kuwa ya kama ba ya mantawa. Babu ƙa'idar yawan zagaye. A babban allo nakan yi huɗu, a hatimi ko katin aiki uku sun isa, don in suka yi yawa tawada takan haɗe su su zama dunƙule. In kana son abin koyi mai tsabta, dubi tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka zaɓa a 1948: taswirar duniya, sanda ɗaya, maciji ɗaya. Ko ka dubi shuɗin tauraron nan mai ƙafa shida da ke jikin motar ɗaukar marasa lafiya, a tsakiyarsa ita ce dai. In za ka nema a intanet, rubuta Asclepius, kada ka rubuta tambarin likita kawai, domin abin da zai fara fito maka mai fukafukan ne.

Ita kuwa mai fukafukan, ta Harmis ce, ɗan aiken gumaka. Shi ne majiɓincin matafiya da 'yan kasuwa da ɓarayi a wurinsu, har sun ce ranar da aka haife shi ya sace shanun Afolo. Shi ne kuma mai raka rayukan matattu zuwa lahirarsu. Manzon da aka aika tsakanin rundunoni biyu yakan riƙe irin sandarsa don kada a taɓa shi, kuma an ce macizan biyu faɗa ya tarar suna yi, ya jefa sandar tsakaninsu suka sulhunta. Alama ce mai kyau a inda ta dace, shi ya sa hukumar kwastan ta ƙasar Sin take da ita a tambarinta tare da mabuɗi. Amma ka yi tunani: ciniki, da rakiyar mamaci, a ƙofar asibiti. Abin da dattijon likitan nan ya ƙi ke nan, kuma yana da gaskiya.

Yadda ta shigo harkar lafiya ba ɓoyayye ba ne. Wasu masu buga littattafai a Turai sun yi amfani da ita a matsayin tambarin kamfaninsu, cikinsu har da masu buga littattafan likitanci, mutane suka riƙa ganinta a bango suna zaton ta ilimin ce. Sai a 1902 sashen likitocin sojan Amurka ya ɗauke ta ya sa a kakinsa, daga nan ta bazu. Wani likita, Walter Friedlander, ya bi tamburan ƙungiyoyin lafiya na Amurka ya fitar da sakamako a 1992: kashi 62 cikin 100 na ƙungiyoyin ƙwararru sandar Askilifiyos suke amfani da ita, kashi 76 cikin 100 na kamfanonin kasuwanci kuwa ta Harmis. Mu a nan ta hanyar kwamfuta ta same mu. Ka buɗe manhajar zane ta CorelDRAW ko ka leƙa waya, hotunan da aka tanada yawancinsu daga can suke, yaro ya sauke ya manna, an gama.

In mai shagon magani ne ya zo, ƙoƙon Higiya nake ba shi shawara. 'Yar Askilifiyos ce, ita ce mai kula da tsabta da kariya daga cuta, kuma sunanta yana cikin waɗanda tsohuwar rantsuwar likitoci ta Hifokiratis ta fara da su. A sassaƙe ana nuna ta budurwa, maciji ya bi ta kafaɗarta ko hannunta, tana shayar da shi a ɗan faranti. Zanensa ya fi sauƙi: kofi mai ƙafa, macijin ya zagaye ƙafar sau biyu, ya miƙe ya lanƙwaso kansa bisa bakin kofin. Ka bar ɗan fili tsakanin kan da kofin, in ba haka ba daga tsallaken titi sai a ga kamar butar shayi.

Akwai wata magana da kwastomomi masu karatu suke kawo mini, cewa ai ba maciji ba ne asali, kurkunu ne. Ban raina wannan magana ba, domin na ga kurkunu da idona. Ina yaro na ga kawuna zaune a gindin bishiya lokacin shuka, ƙafa a kumbure, an naɗe farin zaren tsutsar a jikin tsinke, kullum a murɗa kaɗan, ana kaffa-kaffa kada ta tsinke a ciki. Makonni ya yi bai taka gona ba. A ƙidayar 1988 an samu mutum fiye da 650,000 da cutar a Najeriya, sai a 2013 aka tabbatar an rabu da ita. Wanda ya ga tsinken nan, ya ga tambarin, dole zuciyarsa ta haɗa su, kuma akwai masanan da suka faɗi haka. Ni dai ra'ayina yana tare da abin da Girkawan suka bari da hannunsu: sanda ce da ƙato yake dogarawa, maciji ne mai kai da ido, ga kuma rubutunsu yana cewa macizai suna yawo a zauren jinya. Don haka maciji nake zanawa.

Kada kuma ka ɗauka duk macijin da ka gani a hoton sassaƙen Girkawa na magani ne. Jariri yana shaƙe macizai biyu, Herakilis ne. Mace mai hular yaƙi da maciji a naɗe bayan garkuwarta, Atina ce, mai tsaron birni. Mutum da 'ya'yansa biyu macizai sun kanannaɗe su suna fafutuka, Lawokon ne, wanda aka tono gunkinsa a Rum a 1506, kuma hukunci ake nunawa a nan. Wani yarona ya taɓa kawo mini hoton mace mai garkuwar nan wai zai sa a kalandar asibiti, na ce ya nemo mai faranti.

Saura wanda ya ce shi ba ya son maciji ko kaɗan. Kada ka ja da shi. Wani don addini ne, ba ya son abin da ya samo asali daga gumaka a ƙofarsa, wannan kuwa haƙƙinsa ne, ni ma nakan gaya wa kowa asalin tun kafin in karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya zaɓa da saninsa. Wani kuma rashi ya yi. Wata hajiya mai shagon magani ta ce mini, "Malam, gobe-da-nisa ce ta kashe mini ƙane a gona, ba zan riƙa buɗe shago ina ganin maciji ba." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na zana mata turmi da taɓarya irin na masu haɗa magani, da koren fenti, ya yi kyau ƙwarai. Akwai koren kuros, akwai koren jinjirin wata, akwai ganye, akwai abin sauraren ƙirji na likita. Wanda nake hana yarana shi ne jan kuros ko jan jinjirin wata a kan farin fili. Waɗannan yarjejeniyar Geneva ta keɓe su ga masu agaji da likitocin fagen yaƙi, ba na kowane kyamis ba ne, ko da kwastoma ya nace.

In an gama allo, kafin a kira mai shi, nakan sa yaro ya jingina shi a bakin shago, mu tsallaka titi mu tsaya wajen mai shayi mu kalla. Sai in tare wani mai wucewa da bai san komai a kan aikin ba, in ce, "Don Allah malam, me ka gani a can?" In ya ce maciji a jikin sanda, a kira kwastoma. In ya ce igiya, ko ya tsaya yana kanne ido, sai a mayar da allon ciki a ƙara wa sandar kauri, a rage zagaye ɗaya.